Wa ke fara wucewa a mararraba? Muhawarar masu shirin jarrabawar permi a Maraɗi

Rabi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina shirin shiga jarrabawar kod, wato ƙa'idojin hanya, ta permi B, lasisin tuƙin ƙaramar mota, kuma akwai tambaya ɗaya a littafin bita wadda ta raba kanmu ni da yayana. Mararraba ce mai hanya huɗu, babu danja, babu allo, babu ɗan sanda. Ni na fito daga kudu zan miƙe arewa. Jar mota ta fito daga gabas za ta miƙe yamma. Shuɗiyar mota kuma ta fito daga arewa tana fuskantata, ta kunna sigina za ta karya hagu ta nufi gabas. Yayana, wanda ya daɗe yana tuƙi, ya ce ni zan fara wucewa domin a hoton hanyata ta fi faɗi. Ni kuwa ina ganin jar motar tana damana, don haka dole in jira ta. To amma ita ma tana da shuɗiyar a damanta, shuɗiyar kuma tana jirana. Malamai, wa zai fara motsawa?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam, Malama Rabi. Ki fara cire faɗin hanya daga lissafi gaba ɗaya. A ƙasar da ake tuƙi ta hannun dama kamar Nijar, idan mararraba ba ta da wata alama, direba yana ba wanda ya fito daga damansa hanya, ko da hanyar da wancan ya fito ta fi ƙanƙanta, ko da babur ne ko keke. Faɗin titi, kyawun kwalta da girman mota ba sa ba kowa haƙƙin wucewa. Allo ne ke bayarwa, ko danja, ko jami'in da ke tsaye a wurin.

Yanzu mu bi motocin ɗaya bayan ɗaya, muna tambayar kowace: wa ke damanki? Ke kina da jar mota a damanki, sai ki jira. Ja ta fuskanci yamma, damanta arewa ne, can kuma shuɗiya take, ita ma sai ta jira. Shuɗiya ta fuskanci kudu, damanta yamma ne, kuma babu kowa a can. Saboda haka ita ce za ta fara motsawa. Sai dai ba za ta ƙarasa ba, domin mai karyawa hagu yana yanke gaban wanda ke zuwa daga gabansa, dole ya bar shi ya wuce tukuna. Abin da za ta yi shi ne ta shigo tsakiyar mararraba ta tsaya da siginarta a kunne. Da shigowarta daman ja ya zama fili, sai ja ta wuce ta bayanta. Da wucewar ja naki daman ya zama fili, sai ki miƙe. Bayan kin wuce ne shuɗiya za ta ƙarasa kwanarta. Ita ce ta farko wajen motsawa, ita ce ta ƙarshe wajen fita. Ki karanta tambayar da kyau ranar jarrabawa, domin "wa zai fara shiga" da "wa zai fara wucewa" amsarsu ba ɗaya ba ce a irin wannan hoto.

Rabi: Na gode, Malam, Allah ya ƙara sani. Na zana shi a takarda yadda ka faɗa, ya fita sarai.

Alhaji Mamman: Malam Isuhu, Allah ya saka da alheri, amsarka ta littafi ce kuma ba ni da ja a kanta. Amma ina so yaran nan su ji ta bakin wanda ya tsufa a kan sitiyarin kamiyo tsakanin Maraɗi, Ƙonni da Damagaram. Idan ɗiyata Rabi ta samu permi, ta hau titi da tunanin cewa duk wanda ke hagunta zai tsaya mata, ina jin tsoron abin da zai biyo baya. Kamiyon da ya ɗauko buhunan gero ko siminti, idan direbansa ya taka birki, nauyin kayan ne ke ci gaba da tura shi. Mai amalanken shanu da ya ɗauro kara har ya rufe masa gefe ba ya ma ganin wanda ke zuwa, kuma bai taɓa zama ajin kod ba. A ganina abin da ya kamata a koya wa sabon direba shi ne ya bar babba ya wuce, ya bar mai gudu ya wuce, sauran kuwa ya ajiye shi don ranar jarrabawa.

Malam Isuhu: Alhaji, rabin maganarka na karɓa hannu biyu, rabin kuma ba zan yarda da shi ba. Gaskiya ne kod bai taɓa umartar kowa ya kutsa cikin mararraba don kawai hanya tasa ce ba. Yadda aka rubuta ƙa'idar, nauyi ne aka ɗora wa mai jira: kai ka ba wane hanya. Wanda aka ba hanyar kuma an wajabta masa rage gudu da dubawa kafin ya shiga. Shi ya sa muke koya wa ɗalibai lissafin nan na makarantun tuƙi: a gudun kilomita 50 a awa mota tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafa ma ta kai kan birki, kuma tazarar tsayawa gaba ɗaya kan busasshiyar kwalta ta kai wajen mita 25. A gudun 90 kuwa ta haura mita 80. Wannan na ƙaramar mota ne mai lafiyayyen birki. Duk wanda ya san wannan ba zai sa kansa gaban kamiyo mai kaya ba.

Inda na saɓa da kai shi ne cewa a ajiye kod don ranar jarrabawa. Idan aka ce babba ne ke wucewa, to ranar da motoci biyu masu girma ɗaya suka haɗu, me zai raba su? Kowa zai ga shi ne babba. Amfanin ƙa'idar dama shi ne mutum biyu da ba su san juna ba, ba su yi magana ba, su yanke hukunci iri ɗaya cikin daƙiƙa biyu. Kuma ranar da aka yi karo aka zo yin konsta, wato rubuta rahoton yadda haɗarin ya faru, jami'i da kamfanin inshora ba za su tambayi wa ya fi girma ba, za su duba wa ya fito daga ina ne da kuma allon da ke wurin.

Alhaji Mamman: Na ji, Malam. Ni dai fatana a riƙa haɗa musu biyun a aji, kada a sallame su da rabi.

Laminu: Baba Alhaji da Malam, ina da tambaya wadda ta shafe mu masu kabu-kabu kai tsaye, domin ni ma ina neman permi A, na tuƙin babur. A garin nan yawancin layukan unguwa rairayi ne. Mutum ya fito daga cikin Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Bagalam ta layin ƙasa, sai ya tarar da kwalta a gabansa, babu allo ko ɗaya. Idan na fito daga daman mai motar da ke kan kwalta, ke nan shi ne zai tsaya mini?

Malam Isuhu: A'a, Laminu, kai ne za ka tsaya. Wannan yana cikin wuraren da ƙa'idar dama ba ta aiki. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da aka yi a birnin Viyana a 1968, wadda ƙa'idojin ƙasashe da yawa suke tafiya a kanta, ta faɗa a sashe na 18 cewa wanda ya fito daga turba ko hanyar ƙasa zai hau hanyar da ba irinta ba, shi ne ke ba masu tafiya a kai hanya. Haka ma wanda ya fito daga gida, ko gareji, ko gidan mai, ko wurin ajiye motoci. Duk waɗannan jira suke yi, ko ta dama suka fito ko ta hagu, kuma har masu tafiya a ƙasa da ke bin gefen titi sai sun bar su sun wuce.

Abdu: Malam, a yi mini afuwa, ina ganin akwai abin dubawa a nan. Hanyar ƙasa da ake nufi, a fahimtata, irin turbar gona ce ko ta ƙauye da ke ɓullowa kan babbar hanya, kamar waɗanda ake gani tsakanin nan da Tibiri ko Gidan Rumji. Amma layin unguwa da aka yanka lokacin rabon filaye, mai faɗin da motoci biyu za su gifta, titi ne na gari, kwalta kawai ya rasa. Me zai sa a ce ya rasa haƙƙinsa na dama? Tun bayan ayyukan Maraɗi Kwalliya na 2015 an samu titunan da aka shimfiɗa wa kwalta ko aka jera wa duwatsu suna ratsa unguwanni, kuma layukan da ke shiga cikinsu ba su canza matsayi a takardar gari ba.

Malam Isuhu: Tambayarka tana da tushe, Abdu, domin yarjejeniyar kanta ta bar wa kowace ƙasa ta fayyace abin da take kira turba ko hanyar ƙasa. Amma ga yadda nake koyarwa, kuma ina tsaye a kansa. A jarrabawa hoton ba ya barin mutum cikin duhu: idan an zana hanyar ƙasa tana shiga kwalta, an zana ta ne don a ga ko ka san mai fitowa daga cikinta ne ke jira. A kan titi kuma ina ce wa ɗalibi abu biyu da suke kamar sun saɓa amma ba su saɓa ba. In kai ne ke fitowa daga rairayi, ka ɗauka ba ka da hanya, ka tsaya cak. In kai ne ke kan kwalta, ka ɗauka wanda ke cikin layin zai iya faɗowa, ka ɗage ƙafa daga totur ka kai ta kan birki. Ku lura da yadda kusurwoyin layukanmu suke: katangar gida ta zo har bakin titi, mai shayi ya kafa teburinsa da bencinsa a kwanar, wata adaidaita ta tsaya tana sauke fasinja. Mai babur kuma, saboda kada taya ta nutse a rairayi, yakan ƙara wuta daidai inda ya kamata ya rage, sai ya hau kwalta da gudu gabansa na rawa. Wanda ke tafe bai gan shi ba sai da ya riga ya fito.

Laminu: Wallahi haka yake, Malam. Rairayin bakin kwalta ya fi ko'ina laushi, shi ne ke sa mu ƙara wuta. Gara mutum ya sauke ƙafa ya tura.

Sanusi: Salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina yawan bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, kuma ƙanena ne ke shirin jarrabawa. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne shataletale. A Najeriya an koya mini cewa wanda ke ciki shi ne mai hanya, mai shigowa ya jira. Amma a littafin ƙanena mun ga hoton da aka ce mai shigowa ne ke wucewa. Ƙasashen biyu duk ta dama suke tuƙi, tun da Najeriya ta bar hannun hagu a watan Afrilun 1972. Daga ina bambancin ya fito?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam, Alhaji Sanusi. Littafin bai yi kuskure ba, kai ma abin da aka koya maka daidai ne. A tsarin da muka gada daga Faransa shataletale iri biyu ne, kuma allon bakin shiga ne ke raba su. Tunda ana zagayawa ne ta dama, wanda ke ciki kullum yana zuwa daga hagun mai shigowa, mai shigowa kuma yana daman na ciki. Idan babu allo ko ɗaya, ƙa'idar dama ce ke aiki, ke nan na ciki ne ke tsayawa mai shigowa ya shiga. Wannan shi ne tsohon tsari, kuma har yanzu da shi ake aiki a babban dandalin nan na birnin Paris da ke kewaye da Arc de Triomphe, inda tituna 12 suka haɗu. Illarsa a bayyane take: ana ta shiga, na ciki na ta jira, har wurin ya cushe.

Ingila ce ta mayar da fifikon na ciki doka a 1966, Faransa kuma ta shigar da shi cikin kod ɗinta a farkon shekarun 1980. A wannan sabon tsari za ka tarar da allo mai kusurwa uku ɗauke da kibau uku masu zagaye tun daga nesa, sannan a bakin shiga ga allon ba da hanya, wato mai kusurwa uku da aka kifa kansa ƙasa, fari da jan baki, da tsinkakken layi a kan kwalta. Inda ka ga waɗannan, hagunka za ka duba, ka jira na ciki. Don haka ka ce wa ƙanenka kada ya haddace amsa ɗaya ga kowane shataletale. Ya nemi allon a cikin hoton kafin ya duba motocin.

Rabi: Malam, tunda an zo kan alluna, akwai guda uku da suke rikita mu a aji: mai ruwan ɗorawa, mai alamar gicciye, da mai kibiya mai kauri.

Malam Isuhu: Mai ruwan ɗorawa, wanda yake murabba'i ne da aka tsayar kan kusurwarsa da farin baki, yana nufin hanyar da kike kai ita ke da fifiko a dukkan mararrabun da ke gaba, har sai kin ga irinsa da baƙin layi ya ratsa shi. Mai kusurwa uku da kibiya mai kauri wadda siririn layi ya gitta, fifiko ne na mararraba ɗaya tak, wadda ke gabanki, daga ita sai ki koma neman sabon allo. Mai gicciye baƙi kuwa tunatarwa ce cewa ƙa'idar dama ce ke aiki a wurin, kuma galibi ana kafa shi inda ba a hango mararrabar da wuri.

Sai STOP, wanda ya fi kowane kayar da mutane a jarrabawar tuƙi. Ba da hanya yana yarda ki wuce a hankali in kin ga babu kowa. STOP ba ya yarda. Tayoyi huɗu su tsaya cak a bakin farin layi, ko da tsakar dare ne babu ko akuya a titi, sannan ki ba na hagu da na dama hanya. In daga layin ba ki hango titi sosai ba, ki matsa kaɗan ki sake dubawa. An yi shi da kusurwa takwas, shi kaɗai a cikin alluna, domin a gane shi ko rana ta cinye jan fentinsa ko an manna masa takardar talla, kuma domin wanda ke ɗaya hanyar ya gane shi ta baya ya san wancan ne zai tsaya.

Hajiya Hadiza: Ina bin muhawarar nan tun farko, kuma a matsayina na ma'aikaciyar jinya ina roƙon Malam ya taɓo mutum biyu da ba a ambata sosai ba: mai tafiya a ƙasa da motar asibiti. Na sha zama a bayan motar asibiti da mace mai naƙuda wadda jini ya ɓalle mata, jiniya na kuka, fitila na walƙiya, amma na gabanmu ya ƙi matsawa, wasu masu babura kuma suka biyo bayanmu a guje don su ci moriyar hanyar da aka buɗe. Ina riƙe da ledar ƙarin ruwa da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan ƙarfen gado, duk birkin da direba ya taka sai matar ta yi nishi. Mintin da ake ɓatawa a irin wannan wuri ba ƙarami ba ne a wajenmu.

Malam Isuhu: Allah ya saka miki, Hajiya. Motar asibiti, ta ƴan kwana-kwana, ta ƴan sanda da ta jandarma, idan suna bakin aikin gaggawa sun kunna jiniya da fitila, kowa ne ke ba su hanya, ko da danja ta ba shi kore, ko da yana kan hanya mai fifiko. Abin da ake so shi ne direba ya kunna sigina, ya raɓa dama, ya rage gudu ko ya tsaya, ba ya daskare a tsakiyar mararraba ba. Bin bayansu a guje kuma ganganci ne, domin fifikon nasu ne su kaɗai. In ba su kunna komai ba, motoci ne kamar kowace.

Mai tafiya a ƙasa kuwa, da zarar ya sa ƙafa a kan zanen tsallakawa, shi ke da hanya. Wurin da ɗalibai suka fi mantawa da shi shi ne lokacin karya kwana: danja ta ba ka kore, ka karya dama, sai ga yara ƴan makaranta suna tsallaka titin da za ka shiga. Koren bai ba ka iko a kansu ba, jira za ka yi. Kuma in ka ga mota ta tsaya gaban zanen tsallakawa, kada ka wuce ta, domin jikinta yana iya ɓoye maka mutum.

Abdu: Ina so in ƙara jirgin ƙasa. Mu nan ba mu saba da shi ba, shi ya sa ɗalibai ke tsallake wannan babin, amma da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wanda aka ƙaddamar a 2021, babin ya zama namu. Jirgi ba ya jiran kowa a mahaɗarsa da titi, kuma ba a shiga kan dogo sai an tabbata akwai wurin fita a ɗaya gefen.

Laminu: Malam, saura guda. Idan an ɗauke wuta danja ta mutu, ko ta tsaya tana ƙyafta ruwan ɗorawa kawai, wa ke da hanya? Kuma wani lokaci danja na aiki amma ɗan sanda yana tsakiya yana ba da hannu saɓanin abin da ta nuna.

Malam Isuhu: Matakai huɗu ne, Laminu, na sama yana soke na ƙasa. Jami'in da ke ba da hannu shi ne a sama, sai danja, sai alluna da zanen kwalta, sai ƙa'idar dama a ƙarshe. In ɗan sanda ya ce ka wuce alhali danja ta nuna ja, ka wuce. In ya tsayar da kai a kan kore, ka tsaya. In danja ta mutu ko tana ƙyafta ruwan ɗorawa, ka dubi jikin ƙarfenta, domin sau da yawa akan ɗaura allon STOP ko na ba da hanya ko na fifiko a wurin saboda irin wannan rana. In akwai, shi za ka bi. In babu, an koma ƙa'idar dama tare da rage gudu sosai.

Tsayuwar jami'in ma ana tambaya a kanta. In ƙirjinsa ko bayansa ne ke fuskantarka, tsayawa za ka yi. In gefensa kake gani, hannuwansa a miƙe tare da hanyarka, naka ne wucewa. In ya ɗaga hannu ɗaya sama, kowa ya tsaya, sai wanda ya riga ya shiga mararraba, shi kuma ya ƙarasa ya ba da wuri.

Alhaji Mamman: A ƙara musu da wannan, Malam: ko kore ne, ko jami'i ya ba da hannu, in gaba a cushe take kada mutum ya shiga ya tsaya a tsakiya ya tare masu gittawa. Mu masu doguwar mota mun fi kowa sanin haka, domin kan kamiyo yakan fita mararraba bayansa na nan ciki.

Malam Isuhu: Haka yake a kod ma, Alhaji, kuma yana fitowa a jarrabawa. Hoton yakan nuna danja kore da layin motoci a tsaye bayan mararraba, amsar kuma ita ce a jira a bakin layi har wuri ya samu a ɗaya gefen.